Suna Ɗaya, Fankishan Uku: Yadda Rumbun Bayanai Ke Rarrabe Takwarori

Mai rubuta `round`, umarnin rage lambobin bayan ɗigo, a rumbun bayanai na PostgreSQL yakan ɗauka fankishan ɗaya yake kira, wato ƙunshin umarni ɗaya mai suna, alhali uku ne ke amsa sunan. Ɗaya yana karɓar lamba nau'in `double precision`, mai riƙe lambobin bayan ɗigo bisa kusanci, ɗaya yana karɓar `numeric`, mai riƙe su daidai, na ukun kuma yana karɓar `numeric` haɗe da adadin lambobin da ake so a bari bayan ɗigo. Kowannensu layinsa daban a rajistar rumbun, jikinsa daban. Ka rubuta `round(4)`, na farko ne zai amsa. Ka rubuta `round(4.0)`, sai na biyu. In kuwa ka miƙa masa `double precision` ka ce ya bar maka lamba biyu bayan ɗigo, zai ce maka babu wannan fankishan ɗin sam, ga shi kuma kana ganin sunan a littafi. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Samaru da suka ɗora aikinsu na shekarar ƙarshe a kan PostgreSQL sukan yi karo da wannan, kuma abin da aka saba shi ne a kwafo maganin daga intanet, a liƙa `::numeric` don juya lambar zuwa `numeric`, a wuce. Maganin daidai ne. Amma wanda bai san dalilinsa ba, ranar da irin wannan matsala ta zo masa babu saƙon kuskure, ba zai ma san ta zo ba, kuma ita ce ta fi damuna.

Fankishan biyu ko fiye masu suna ɗaya, waɗanda abin da ya raba su kawai yawan abin da suke karɓa ne ko nau'insa, su nake kira takwarori. Ba don ado aka ƙirƙiro su ba. Aikin POSTGRES da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, wanda ya koma PostgreSQL a 1996, an gina shi a kan cewa mai amfani zai iya ƙirƙirar nasa nau'in bayani, ba lamba da rubutu da kwanan wata kaɗai ba. To in ka ƙirƙiri sabon nau'i, za ka so `length` ko `max` su yi aiki a kansa da sunan da kowa ya saba. Da babu takwarori, da kowane nau'i sai an haddace masa sunayensa. Masu aikin taswira sun fi kowa cin moriyar wannan, kuma sun fi kowa ganin haɗarinsa. A PostGIS, ƙarin da ake ɗora wa PostgreSQL don aikin taswira, akwai fankishan na auna nisa `ST_Distance` mai karɓar `geometry` da wani mai karɓar `geography`. Ɗauki ɗigo ɗaya a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ɗaya a Ƙofar Doka, duka da lambobin GPS da aka saba. Na `geography` zai ba ka nisan a mita, dubbai. Na `geometry` zai ba ka shi a digiri, wata 'yar lamba da ba ta kai ɗaya ba. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma babu wanda zai gargaɗe ka.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne rumbun ba da suna yake sanin fankishan ba. Kowane fankishan layi ne a teburin `pg_proc`, kuma yana da lambar shaida da ake ce wa OID. Sharaɗin da rumbun ya gindaya shi ne kada a sami layi biyu da suka haɗu a abu uku: suna, jerin nau'o'in abin da suke karɓa, da sikima, wato ɓangaren rumbun da suke zaune. Abin da ba ya cikin lissafin ma yana da muhimmanci. Nau'in amsar da fankishan ke mayarwa ba ya ciki, don haka ba za ka iya yin biyu da suka bambanta a amsa kaɗai ba. Sunayen da ka sa wa guraben karɓa ba sa ciki. Tsawon da ka ƙayyade ma ba ya ciki: `varchar` mai harafi 10 da mai harafi 20 abu ɗaya ne a wurinsa.

Duk wanda ya girma a Tudun Wada ko cikin birni ya san aiken inji. Uwa takan ce wa yaro ya kai wa mai inji, ba ta faɗa masa wane inji ba. Mai inji ne zai leƙa roba: busasshen gero ne, ya nufi injin niƙa, jiƙaƙƙen wake ne na ƙosai, ko tattasai da tumatir, ya nufi na markaɗe. Aiken ɗaya ne, abin da ke cikin robar ne ya zaɓi injin. Rikicin yana farawa ne in an kawo roba a rufe aka ce kada a buɗe, ko aka kawo abin da duka injinan biyu za su iya ci. A nan ne dole a sami ƙa'idar yanke hukunci, kuma PostgreSQL yana da tasa a rubuce, mataki-mataki.

Da farko yakan tattaro duk masu wannan suna da za su iya karɓar adadin abin da aka miƙa, waɗanda ke cikin sikimomin da `search_path`, jerin wuraren da rumbun ke dubawa, ya lissafa. Idan biyu sun yi daidai da juna ta kowace fuska amma suna sikima daban-daban, wanda sikimarsa ta riga a jeri shi ya ci. Idan kuwa nau'o'insu sun bambanta, matsayin sikima ba ya ƙara wa kowa komai, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. A riƙe wannan, zai dawo a maganar tsaro. Daga nan sai ya duba ko akwai wanda nau'o'insa suka dace da abin da aka miƙa cif-cif. In akwai, magana ta ƙare. In babu, sai tankaɗe: a fitar da duk wanda ba za a iya juya masa abin da aka miƙa a asirce ba, wato ba tare da mai rubutu ya nemi juyin da bakinsa ba. Cikin waɗanda suka rage, a riƙe wanda ya fi yawan gurabe masu dacewa cif. In har yanzu da saura fiye da ɗaya, sai a koma ga abin da ake kira nau'in da aka fifita.

Nan ya cancanci a ɗan zauna. PostgreSQL ya kasa nau'o'i gida-gida: gidan lambobi, gidan rubutu, gidan lokaci, da sauransu, kuma akwai ɗan gaban goshi a gidan. A gidan rubutu `text` ne. A gidan lokaci `timestamp with time zone` ne. A gidan lambobi kuwa `double precision` ne, ba `numeric` ba. Shi ya sa `round(4)` ya tafi wurin na farko: babu `round` mai karɓar `integer`, ana iya juya 4 zuwa kowanne cikin biyun, sai ɗan gaban goshi ya ɗauke. Ga lissafin kimiyya wannan zaɓi ne mai ma'ana. Ga lissafin kuɗi kuwa masifa ce a kwance. `double precision` ba ya iya riƙe yawancin lambobin bayan ɗigo daidai, haɗa 0.1 da 0.2 a cikinsa yana ba da 0.30000000000000004. A ce wani ya rubuta wa kantin magani a Sabon Gari fankishan `ragi` mai karɓar `numeric`, daga baya wani ya ƙara takwaransa mai karɓar `double precision` don wani rahoto. Cinikin naira 45000.50 da aka rubuta kai tsaye zai je wurin na `numeric`, domin lamba mai ɗigo haka rumbun ke karanta ta. Cinikin naira 45000 cif, marar kwabo, zai je wurin ɗayan. Layin manhaja ɗaya, mai saye ɗaya, amma ko akwai kwabo ko babu ne ke yanke wane lissafi za a yi masa. In jikin fankishan biyun ya taɓa sha bamban ko da a abu kaɗan, sai ƙarshen wata littafi ya ƙi rufuwa, a rasa wanda za a kama.

Sai robar da aka kawo a rufe. Duk abin da aka sa tsakanin alamar zance guda-guda, kamar `'1045'`, da kuma `NULL`, rumbun ba ya ɗaukarsu rubutu nan take; yana ajiye su a matsayin nau'in da ba a sani ba, wanda zai iya zama komai. In takwarorin da suka rage akwai mai karɓar rubutu a wannan gurbi, shi za a ba, bisa hujjar cewa abin da ke cikin alamar zance ya fi kama da rubutu. In babu, kuma duk gida ɗaya suke, a nemi ɗan gaban goshi. In wannan ma bai raba gardama ba, sai rumbun ya ɗaga hannu ya ba da kuskure mai lamba 42725, yana cewa fankishan ɗin ba tilo ba ne, a fayyace nau'i. Ɗan'uwansa shi ne 42883, na cewa ba a sami ko ɗaya ba.

Wani matashi da ke kula da manhajar wata makaranta mai zaman kanta ya taɓa kawo mini kwamfutarsa a kan irin wannan. Wani uba ya je biyan kuɗin zango, ma'aji ya buga masa takardar bashi da ba tasa ba. Matashin ya ce, "Malam, wallahi na gwada a pgAdmin ya fi a ƙirga, daidai yake fitowa." Na ce masa, "To ɗan'uwa, bar wanda ka buga da hannu, nuna min yadda manhajar take aikawa." A rumbun akwai `kudin_zango` guda biyu. Ɗaya yana karɓar lambar layin ɗalibi, `integer`, ɗaya yana karɓar lambar shiga makaranta da ake rubutawa a fayil, `text`. Shi da hannunsa 1045 yake bugawa tsirara, sai na farko ya amsa. Manhajar kuwa tana naɗe kowace lamba da alamar zance kafin ta aika, sai na biyu ya amsa, ya nemo yaron da lambar shigarsa ta zama 1045, wani yaro daban a wani aji daban. Ga yawancin ɗalibai ba a sami kowa da irin lambar ba, takardar ta fito babu bashi, babu wanda ya yi ƙorafi. Rumbun bai karya ƙa'idarsa ko ɗaya ba.

Shi ya sa nake ganin kuskuren da ke bayyana a fili alheri ne. A 2008, sigar 8.3 ta PostgreSQL ta cire yawancin juyin asirce daga sauran nau'o'i zuwa rubutu, manhajoji da yawa suka tsaya, mutane suka yi ta gunaguni. Tun daga lokacin `substr(1234, 3)`, wato yanko ɓangaren lamba kamar rubutu, ya daina aiki sai ka juya lambar da kanka. Masu aikin sun zaɓi a ji zafi a fili maimakon a riƙa samun amsar da ba a nema ba a ɓoye, kuma ina ganin sun yi daidai.

Yawancin takwarorin da na gani a ƙananan manhajojinmu ba da niyya aka haife su ba. `CREATE OR REPLACE FUNCTION` ne ke haifarsu. Mutum yakan ɗauka umarnin yana nufin a maye gurbin mai wannan suna. A'a, yana maye gurbin mai wannan suna da waɗannan nau'o'i ne kawai. Ka sauya `integer` zuwa `bigint`, ko ka ƙara gurbi ɗaya, ka sami sabon fankishan, tsohon yana nan daram yana amsa duk kiran da ya dace da shi. Ka gyara lissafi a sabon, rabin manhajar na ci gaba da tsohon lissafi. In kuma gurbin da ka ƙara ka sa masa `DEFAULT`, wato ƙimar da za a ɗauka in ba a miƙa komai ba, sai abin ya juye: kiran da ke da abu ɗaya yanzu ya dace da duka biyun, rumbun ya ƙi zaɓa, shafin da ke aiki jiya ya mutu yau. Akwai kuma abin da ake mantawa. Izinin da aka janye daga tsohon bai shafi sabon ba, kuma a PostgreSQL sabon fankishan kowa yana da izinin kiransa sai an janye. Wanda ya kulle na farko don ma'aji kaɗai ya taɓa shi, ya bar na biyu a buɗe bai sani ba.

Zaɓe rabin magana ne. Ɗayan rabin shi ne yadda rumbun ke nuna maka abin da ya zaɓa, kuma a nan ne idon mutum ke yaudararsa. Tunda lamba ce ainihin shaida, duk sunan da ka gani a allo sake gina shi aka yi daga lambar a lokacin da ka tambaya, kuma hanyoyin ginin ba ɗaya ba ne. Akwai nau'i biyu da aka tanada don wannan. `regproc` suna kaɗai ya sani. Ka ce masa `'round'::regproc`, zai ƙi, ya ce akwai fiye da ɗaya mai wannan suna. Ka ba shi lambobin ukun ya mayar maka da suna, zai rubuta `pg_catalog.round` sau uku, `pg_catalog` kuwa ita ce sikimar fankishan na asali. Ya lura sunan ba tilo ba ne, sai ya ƙara sikima, abin da bai raba komai ba tunda duk sikimarsu ɗaya. Abin da ya fitar, shi da kansa ba zai iya karanta shi ya koma ga lambar ba. `regprocedure` kuwa yana haɗa suna da nau'o'i, ya ba ka `round(numeric,integer)`, wanda ke nuni ga layi ɗaya tak. Bambancin haruffa kaɗan ne a sunan nau'in biyun, amma na ga mutum ya kwana yana gyaran fankishan da ba shi ke gudana ba saboda su.

Ko `regprocedure` ɗin ma sai an san halinsa. Yana rubuta nau'o'i da sunansu na ƙa'ida, ba yadda ka rubuta ba: `int4` ya koma `integer`, `varchar` ya koma `character varying`. Wanda ke neman rubutun da ya buga da hannunsa a cikin abin da rumbun ya fitar ba zai same shi ba. Sannan yana ɓoye sunan sikima matuƙar fankishan ɗin na ganuwa a `search_path` ɗin mai tambaya. Ma'ana mutum biyu a ofis ɗaya, kan saba ɗaya, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, za su iya ganin fankishan ɗaya da suna iri biyu. Abin da ya fi muni, za su iya ganin suna iri ɗaya alhali fankishan biyu ne, kowa na sikimarsa. In ana musayar hoton allo a WhatsApp ana gardamar me ya lalace, a fara tambayar `search_path` ɗin kowa.

Teburin `pg_stat_user_functions`, wanda ke ƙirga sau nawa aka kira kowane fankishan da tsawon lokacin da ya ci in an kunna `track_functions`, yana nuna suna tsirara a `funcname`. Takwarori uku za su fito layi uku masu kama ɗaya, ɗaya yana cin lokaci, ba ka san wanne ba sai ka juya `funcid` zuwa `regprocedure`. Umarnin `\df` a psql, manhajar buga wa PostgreSQL umarni, ya fi kyautatawa, yana jera kowanne da abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Ga mai rubuta kayan aikinsa kuma akwai `pg_get_function_arguments`, mai kawo komai har da `DEFAULT`, da `pg_get_function_identity_arguments`, mai kawo iya abin da ake buƙata don nuna fankishan a umarni irin `DROP` ko `ALTER`. Wanda ya ɗauki na farko a wurin na biyu, in akwai `DEFAULT`, zai sami umarnin da rumbun zai ƙi karɓa.

Wani abu da ke ba sababbi mamaki shi ne su ƙirƙiri `VIEW`, wato tambayar da ake ajiyewa a rumbun da suna, da rubutu mai tsabta, su dawo su buɗe shi su tarar an cika shi da `::text` da `::numeric` da ba su rubuta ba. Dalili kuwa rumbun bai ajiye rubutunsu ba. Ya yi zaɓen tun ranar ƙirƙira, ya ajiye lambar wanda ya ci. Da aka nemi ya nuna, sai ya sake gina jimlar, ya fito da juyin da ya yi a asirce fili, don in an sake karanta ta a faɗa kan fankishan ɗin nan dai. Har gwaji yake yi: ya ɗauki sunan tsirara ya bi matakan zaɓe, in ya ga za a faɗa kan wani daban, sai ya liƙa sunan sikima. Wannan tsari yana da kyau, amma yana haifar da wani saɓani. Ka ƙara sabon takwara da ya fi dacewa, `VIEW` ɗin yana nan kan tsohon, tambayar da manhaja ke aikowa kai tsaye ta koma kan sabon. Jikin fankishan na PL/pgSQL, harshen rubuta fankishan a PostgreSQL, shi ma rubutu ne da ake warwarewa lokacin gudana, don haka sabon zai bi. Rahoto biyu daga rumbu ɗaya, kowanne da jimillarsa. Sigar 14 ta 2021 ta kawo jikin fankishan na SQL mai `BEGIN ATOMIC`, wanda ake warwarewa tun ranar ƙirƙira kamar `VIEW`, kuma yana rage wannan matsala ga wanda ya yi amfani da shi.

Ƙa'idar SQL ta ƙasa da ƙasa ta hango matsalar nuni, ta tanadi suna na biyu, keɓaɓɓe, ga kowane fankishan. A Db2 na IBM kana iya sa shi da kanka da kalmar `SPECIFIC`, ka riƙa goge ko ba da izini da shi ba tare da jero nau'o'i ba. PostgreSQL bai ba ka wannan dama ba, a `information_schema.routines` yana cike gurbin `specific_name` da sunan fankishan haɗe da lambar OID. Yana rarrabewa, amma lambar ba ta dawwama: ka kwashe rumbu da `pg_dump` ka zuba a wata saba, lambobi sun sauya. Kada a rubuta irin wannan suna a cikin manhaja. Oracle ya yarda da takwarori a cikin `PACKAGE`, bai yarda da su a fankishan mai zaman kansa ba, yana ba su lambar jeri a `OVERLOAD` cikin `ALL_ARGUMENTS`, kuma in ya rasa zaɓi sai ya ba da PLS-00307. SQLite yana rarrabewa da yawan abin da aka miƙa, ba da nau'insa ba. MySQL da SQL Server kuwa ba su yarda mai amfani ya yi takwarori ba sam. Da yake da yawa daga cikinmu da MySQL da phpMyAdmin muka buɗe ido, mun taso da tunanin cewa suna ɗaya fankishan ɗaya ne, kuma da wannan tunani muke shiga PostgreSQL.

Yanzu ma shigar ta ƙaru, domin matasa masu gina manhajar waya sun rungumi Supabase, wanda PostgreSQL ne a ƙarƙashinsa, PostgREST kuma, mai karɓar kiran manhaja ya miƙa wa rumbun, a tsakani. Shi PostgREST da sunayen gurabe yake neman fankishan, tunda abin da ke iso masa JSON ne, wato rubutu mai jero suna da ƙimarsa. Takwarori masu sunayen gurabe iri ɗaya da nau'i daban ba ya iya raba su, sai ya mayar da PGRST203. Abin da rumbun ke warwarewa cikin sauƙi, ƙofar da aka sa a gabansa ta kasa, kuma yawanci tsohon fankishan da aka manta ba a goge ba ne sanadi.

Maganar tsaro ta taso ne daga ƙa'idar nan da na ce a riƙe. Rumbun yana duba `pg_catalog` kafin kowace sikima in ba a sauya jerin ba, don haka mutum zai ɗauka babu mai iya shan gaban fankishan na asali. Amma dacewa cif ta fi matsayi ƙarfi. `lower` na asali, mai mayar da manyan haruffa ƙanana, `text` yake karɓa. In wani mai ƙaramin izini ya ƙirƙiri `lower` mai karɓar `varchar` a sikimar `public`, duk wanda ya kira `lower` a kan bayani nau'in `varchar` nasa zai faɗa, kuma zai gudana da izinin mai kiran, ko da shugaban rumbun ne. Wannan ita ce matsalar da aka yi wa rajista da CVE-2018-1058 a 2018. Tun daga nan `pg_dump` yake share `search_path` ya rubuta kowane suna da sikimarsa, sigar 15 ta 2022 kuma ta janye wa kowa da kowa izinin ƙirƙira a `public` a sababbin rumbuna. Rumbun da aka ɗaga daga tsohuwar siga yakan taho da tsohon izininsa, sai an janye da hannu. A wuraren da ake ba ɗalibai 'yan koyon aiki ko ma'aikatan wucin gadi shiga rumbu ɗaya da na kuɗi, wannan ba abin wasa ba ne. Fankishan mai `SECURITY DEFINER` kuwa, wato mai gudana da izinin mai shi ba na mai kira ba, wajibi ne a ɗaure masa `search_path` nasa a jikinsa.

Ra'ayina a kan ƙananan ayyukanmu a fili yake. Takwarori sun dace inda ma'anar aikin ɗaya ce tak, nau'in ne kawai ya bambanta, kamar yadda `length` yake. Inda ma'anar ta bambanta, kamar lambar layi da lambar shiga makaranta, a ba kowanne sunansa: `kudin_zango_ta_lamba` da `kudin_zango_ta_shiga`. Tsawon suna bai kashe kowa ba, PostgreSQL ya ba ka har bayit 63. Na san masu cewa wannan ja da baya ne, kuma a babban kamfani mai masu bitar kowane layi ina iya yarda da su. Amma manhajar makaranta ko asibiti ko kanti a Zariya yawanci mutum ɗaya ne ya gina ta, ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, wani ya gada babu takarda ko ɗaya. Magajin nan abin da zai gani suna ne a allo, kuma ba shi da wanda zai tambaya. In dole sai an yi takwarori, kada a haɗa `numeric` da `double precision` a suna ɗaya, kada a haɗa takwara da `DEFAULT`, kuma manhaja ta riƙa faɗin nau'i a fili a wurin kira.

Wanda ya gaji rumbu, aikin farko shi ne ya ƙirga `pg_proc` bisa suna da sikima ya ga inda adadi ya wuce ɗaya, sannan ya buga `SELECT oid::regprocedure FROM pg_proc WHERE proname = 'kudin_zango'` ga kowane suna da ya fito. In ya tashi goge tsoho, ya rubuta sunan da nau'o'insa cikakku; tun sigar 10 ta 2017 `DROP FUNCTION` yana karɓar suna tsirara, amma sai in tilo ne. Rumbun zai hana gogewar in akwai `VIEW` ko `TRIGGER`, wato umarnin da ke tashi da kansa in an taɓa tebur, da ke rataye da fankishan ɗin, domin su ya san da su ta lamba. Ba zai hana ba in mai kiran jikin PL/pgSQL ne ko fayil ɗin PHP, kuma bayan gogewar kiran zai iya zamewa kan takwaran da ya rage ba tare da ƙara ba. Waɗannan sai an bi su da ido, ɗaya bayan ɗaya, a `prosrc`, gurbin `pg_proc` mai ajiye jikin fankishan, da cikin fayilolin manhajar, kafin a taɓa komai.